Goron Yaya Memuna

Shekara tara ke nan da muka kai yayata, Hajiya Memuna, makwancinta. Na saba in yi mata addu'a a gida in yi shiru, amma bana sai na yi magana, domin famfon da ta tsaya aka kawo mana a bakin lungu yana neman kuɓuce mana, kuma kewarta ta dame ni fiye da kowace shekara.

Goro take sayarwa a kasuwar Kejetia, kamar yadda mahaifiyarmu ta yi. Ba ta taɓa kafa ƙungiya ba, ba ta da ofis, ba ta da muƙami. Amma idan kwata ta toshe ko wani abu ya taso wa unguwa, ita ce ke tara mutane, kuma da goro take tara su. Kowa a Zongo ya san idan aka kawo maka goron suna ko na ɗaurin aure ka karɓa, to ka ɗauki nauyin zuwa. Yaya ta ɗauki wannan al'ada ta kai ta inda ba a saba kai ta ba. Ba ta aike. Da ƙafarta za ta zo, ta yi sallama, ta faɗi abin da ke tafe da ita, ta sa maka goro a tafin hannu, sannan ta tsaya tana kallonka har sai ka gatsa.

Haka ta yi lokacin da matanmu ke tafiya mai nisa neman ruwa. Ta bi gida-gida har aka cika ofishin masu ruwa da mutane, aka ba mu izini, maza suka haƙa ramin bututu da hannunsu. Ina tuna Malam Issaka, bakanike a Suame, yana haƙa yana gumi yana ce mata, "Hajia, wannan goro naka yana da nauyi paa!" Ta ce, "Ai ka riga ka haɗiye, ci gaba da haƙa."

Yanzu wani mutum ya ɓullo yana cewa filin da famfon yake nasa ne, shaguna zai gina a kai. 'Yar Yaya, Rabi, wadda ke koyarwa a makaranta, ta buɗe zauren hira a waya. Ba na raina abin da ta yi. Kafin rana ta faɗi labari ya kai wa 'ya'yan Zongo da ke ƙasashen Turai, abin da Yaya ba za ta iya ba ko da ta ƙarar da goron Kejetia duka. Ina kuma ganin abin da ke faruwa a duniya: saƙo ɗaya ya cika titi da matasa a wata ƙasa mai nisa, ba shugaba ba kwamiti, har masu mulki su tsorata. Sai dai sau da yawa bayan 'yan makonni ka nemi taron ka rasa. Nan gida ma mun ga ƙungiyoyi masu ofis a Adum, masu raba riguna da ɗaukar hoto, waɗanda suka naɗe tabarmarsu ranar da masu tallafa musu suka juya baya.

Ranar da aka kira mu zama a ofishin da ke duba rikicin filaye, zauren Rabi ya cika da hoton babban yatsa, kowa yana cewa yana tare da mu. Mu da muka zo kuwa tasi ɗaya ta kwashe mu. Jami'in ya dube mu, ya ɗage zaman zuwa Alhamis mai zuwa, ya ce in da gaske unguwa ce ke magana, yana so ya ga unguwar. Na fito raina a ɓace, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa.

Na yi ta tunanin abin da Yaya za ta ce. Na tabbata da ta so wayar, don mace ce mai son hira. Amma da ta tambayi Rabi wa ya kalli idon waɗannan masu yatsa. Mutum yana kwance zai danna ya manta. Goro kuwa yana da ɗaci, yana rina baki, maƙwabcinka ya ga ka ci, kuma wanda ya ba ka ya san ƙofar gidanka.

Da na faɗa wa Rabi haka ta ce, "Kawu, zamani fa ya canja." Na ce na yarda, ta riƙe wayarta, amma ta nemo mini farantin goron mahaifiyarta. Ta nemo. Muka sayi goro wurin tsofaffin abokan sana'ar Yaya, ita tana sanarwa a zaure wane lungu za mu shiga, ni ina yin sallama. Wasu sun ɓuya, na ji motsinsu a ɗaki, kuma zan koma. Wani saurayi ya karɓa ya jefa a aljihu zai wuce, sai Rabi ta tsaya ta zuba masa ido har ya ciro ya gatsa. A nan na ga Yaya, hawaye suka zo mini.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar suna a jikin wani gini ba. Famfon ma ba ni da tabbacin zai tsira. Abin da ta bari shi ne mutanen da har yau suke jin nauyin abin da suka karɓa da hannunsu, kuma da su za mu je.

Gida na ƙarshe na Malam Issaka ne, ya tsufa, da sanda yake tafiya. Da ya hangi farantin sai ya mayar da hannayensa baya.

"Na san wannan goro," in ji shi. "Ku duba bakina, haƙori babu koraa, ko ɗaya."

Rabi ta ce, "To Baba, mun yafe maka."

Ya harare ta. "Wa ya ce ki yafe? Uwarki bai taɓa yafe ma kowa ba."

Ya sa aka miƙo masa magogi daga ɗaki, ya goge goron a tafin hannunsa, ya watsa a baki, ya yamutse fuska.

"Alhamis ɗin," ya ce, "ƙarfe nawa?"