Mas'uda, Mai Duban Ƙarƙashin Gado

Kullum bayan sallar asuba Malama Mas'uda kan fito daga unguwar Kokoro da ke yankin Kilomita Biyar, farar rigarta ta jinya a naɗe cikin jaka, ta nufi asibitin cikin gari. A shekarun rikici ba kowa ke ƙetare shingayen 'yan bindiga daga Kilomita Biyar ya dawo ba. Ita tana dawowa, wannan kuwa ya ishi mutane abin faɗi. A kasuwa ana cewa, "Me take ba su da suke barinta ta wuce?" A asibiti kuma, in ta shigo sai a rage murya, don an san unguwar da ta fito.

A lokacin aka kai musu Nata'ala, mai sayar da atamfa, an fasa masa kai a hanyar Yakité. Likitoci suka buɗe ƙoƙon kan, suka kwashe jinin da ya taru. Yana kwance bai san inda yake ba, kowa ya zuba wa ɗaurin kansa ido. Mas'uda kuwa ƙarƙashin gado take dubawa, inda jakar fitsari ke rataye. Ta san jinin da ya zubar da maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa suna iya taɓa ƙoda, alamar farko kuwa raguwar fitsari ce. Asibitin ba shi da injin wankin ƙoda. In ƙodar ta tsaya, shi ke nan.

Sai dai duk sanda ta zo, jakar wayam. Yayansa Alhaji Abdulmuɗallib ne ke zubarwa, don ba zai karanta Alƙur'ani kusa da najasa ba.

"Alhaji, don Allah a riƙa bar mini ita."

"Ki yi me da fitsarin namiji?"

"In auna."

"A ka aka yi masa aiki, Malama, ba mara ba."

Da ta ɗebi kaɗan a kwalba don gwaji, Sa'adatu matar Nata'ala ta tare ta a ƙofa.

"Gidan wane boka za a kai shi? Wa ya aiko ki?"

Abin ya sosa ranta, amma ta ga tsoro ne ke magana. Ta mayar da tabarmar Alhaji ta wajen kan majinyacin, nesa da jakar, ta lulluɓe jakar da ɗankwali, ta ce wa Sa'adatu, "Ƙanwata, tunda ba ki yarda da ni ba, ke za ki tsare ta. Ko ni kar in taɓa sai a gabanki."

Sa'adatu ta zauna gadi, tana hararar duk mai wucewa. Kafin la'asar ita da kanta ta ɗaga ɗankwalin ta ce, "Fitsarin ba ya ƙaruwa. Ga shi ja kamar shayi."

Mas'uda ta kira likita. Aka yi gwajin jini, aka sauya maganin, aka daidaita ƙarin ruwa. Alhaji ya ce, "To, yanzu kuma an cire masa magani. Muna dai gani."

Aka kwana, aka tashi, jakar ba labari. Sai wata safiya Sa'adatu ta fito baranda da gudu, ba ko takalmi.

"Yaya Mas'uda! Ta cika! Wallahi ta cika!"

Yau Nata'ala na rumfarsa a kasuwa. Maganarsa ta yi nauyi, amma shi ke yanka atamfarsa da hannunsa.

Malama Mas'uda, ke ce kika duba inda kowa ke kau da kai. Aka zarge ki a gida, aka zarge ki a waje, ba ki fasa fita ba. Yanzu da kika ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku 'yan makarantarmu masu son aikin jinya, ku je Kokoro ku gaishe ta, ku tambaye ta yadda ake yi wa mutum alheri alhali yana hararar ka.