Muryar Malama Lauratu a Gonar Auduga

Ku yi min afuwa tun kafin in fara. Karatu na iya, ba rubutu ba, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta abin da ba malami ne ya sa ni ba. Sau uku ina yagewa. Amma yau Malama Lauratu ke ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, na kasa yin shiru.

Duk wanda ya yi aji biyar a hannunta a Tsiga ya san safiyarta. Kafin a buga ƙararrawa ta iso a ƙafa, allinta cikin tsohon gwangwanin madara. Ta goge allo da tsumma, ta bi mu benci benci tana duba farce. Ba ta da bulala. In ta kalle ka ta saman tabarau, ya ishe ka.

Abin da ke damunta shi ne kaka. Da an fara cirar auduga sai ajinmu ya rabu biyu, rabi a gona. A shekararmu ɗanta ya aiko mata da waya daga Funtua, sai ta fara ɗaukar muryarta tana koyarwa, ana tura wa iyaye a katin memori. Abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Wanda zazzaɓi ya kwantar bai rasa darasi ba. Innata ma da ba ta taɓa shiga aji ba, a bakin murhu ta haddace jadawalin lissafin sau bakwai.

Sai aka gama auduga, yara ba su dawo ba. Cikinsu har da Hajo, wadda muke zama benci ɗaya. Mahaifinta, Baba Jibril, ya ce ta gama zuwa makaranta.

Ranar Asabar Malama ta ce in nuna mata gonarsu. Muka same su suna tattara kara, waya na rataye a reshen ɗorawa, muryar Malama na tashi daga ciki.

"Sannu da aiki, Baba Jibril. Ashe na riga kaina zuwa."

Ya yi dariya. "Ai kullum kina nan, Malama. Ba ki makara, ba ki yajin aiki, ba ki neman a sayi yunifom. Me kuma za ta je yi?"

"To bari mu ji ɗalibar tawa."

Hajo ta karanto darasin rabawa tun daga farko har ƙarshe, har da tarin da Malama ta yi a tsakiya. Baba Jibril ya gyara tsayuwa yana murmushi.

Malama ta karya kara ta miƙa mata. "Madalla. Yanzu raba min tamanin da huɗu gida huɗu, a ƙasa."

Hajo ta duƙa. Ta zana takwas, ta goge da ƙafa, ta sake zanawa. Ni na san amsar, amma na sunkuyar da kai don ban so mu haɗa ido.

"Ba laifinta ba ne, nawa ne," in ji Malama a hankali. "Wayar nan ba ta ganin fuskarta in ta rikice. Ni ina gani."

Baba Jibril ya kalli zanen da ke ƙasa. "Ni ma rediyo na gaya min yadda ake sa taki," ya ce, "amma sai na duƙa da kaina nake iyawa." Ya sauke wayar daga reshe. "Litinin za ta zo."

Malama ba ta jefar da wayar ba. Ta ci gaba da ɗauka, sai dai kowane darasi na ƙarewa da tambayar da dole ka kawo amsarta a rubuce, hannu da hannu. Ta bi gidaje goma sha ɗaya haka. Tara sun dawo. Biyun da ba su dawo ba, har yau tana ambaton sunansu.

Malama, ke ce kika amsa laifinki a gaban manomi da 'yarsa ba tare da kin ji kunya ba. Uwar aji biyar, mun gode. Allah ya saka miki, ya sa hutun nan ya zo da lafiya. Ku kuma malaman da aka raba wa na'urori yanzu, ku yi aiki da su, amma ku riƙa ɗaga kai kuna duba fuskokin yara.

A bayan ajin da ake taron bankwana nake ƙarasa wannan. Hajo ce ta miƙe za ta yi jawabi a madadin tsofaffin ɗalibai, da takardar da ta rubuta da hannunta, Baba Jibril na layin gaba. Kowa ya juya wajenta. Zan sa tawa takardar ƙarƙashin rajistar Malama in bi ta ƙofar baya. Ban sa suna ba.