Na'urar da Ta Hana Mma Dama Koko

Ƙanwata ce ta jawo mana, ita da karatunta. Tana digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, ni kuwa kayan mota nake sayarwa a kasuwar Suame, don haka duk abin da ta faɗa a gida gyaɗa kai kawai nake yi. Wata Asabar ta shigo da 'yar na'ura kamar gwangwanin kifi, baki har kunne. Wai a ciki akwai wani gari da ta haɗa da hannunta, ƙwayoyinsa ido ba ya ganinsu, nano ake ce musu. Ta shafe su da wani sinadari don su riƙa jin iskar gas in tukunyar gas ɗin girki tana yoyo. Na ce, "Wato hanci kika ƙera." Ta ce e, kuma ya fi nawa amfani.

Ta ɗan murɗa kan gas, na'ura ta tsala ƙara. Sai ga 'yan gidan hayarmu sun fito kallo, kowa na cewa a sake. Mahaifiyarmu, Mma, har da guɗa. Ni kaina daɗi ya kama ni, na karɓe abin ina zagaya tsakar gida da shi ina taƙama, sai ka ce ni na je jami'ar. Da na gifta robar kullun Mma sai ya fasa ihu.

Tun kafin a haife ni Mma take sayar da koko a bakin layinmu. Masu fitowa daga sallar asuba, dillalan shanu, leburori, duk a wajenta suke karyawa. Mma ta ce, "Gas ne a kulluna?"

Ƙanwata, bakinta ba birki, ta ce, "A'a Mma, in gero ya kwana ya yi tsami yana fitar da ɗan tururin barasa. Shi take ji, shafin nawa bai gama iya bambancewa ba."

Mma ta nemi kujera ta zauna. Washegari ba ta hura wuta ba. Ta ce ba za ta ƙara shayar da Musulmi giya ba, kuma tana tsoron abin da za ta faɗa wa Allah kan waɗanda suka riga suka sha.

Muka shiga lallashi. Aka kawo ayabar da ta nuna luguf, na'ura ta yi ƙara. Aka kawo kwaɓin burodi, ta yi ƙara. Aka kara ta a rigata da na fesa wa turare, nan kam kamar za ta tsage. Matan gidan suka yi ta faɗuwa don dariya, har yau akwai mai kirana shugaban mashaya. Malamin maƙwabtanmu ya zo ya ce tsami daban, maye daban. Mma ta ce ta ji, Allah ya saka, amma ƙarfe ba shi da dalilin yi mata ƙarya.

Na ja ƙanwata gefe na ce ta zare batir kawai, Mma ta ji na'ura shiru a huta. Ta harare ni. Ta ce, "Yaya, in na yaudari Mma da ita, me kuma na ƙera?" Ta ce tafasa tana korar tururin, ya kamata dafaffen koko ya tsira, amma ba za ta rantse ba.

Da la'asar Mma ta yarda ta dama, ta bar shi ya tafasa sosai, aka zuba a kwano ya huce. Ta karɓi na'urar da kanta. Tsohuwa da wayo: sai da ta fara kai ta kan ɗanyen kullu, ta ji ta yi ihu, ta tabbatar ba mu kashe ta ba. Sannan ta kawo ta bakin kwanon.

Shiru. Ta ƙara matso da ita har tana neman tsoma ta ciki. Shiru dai.

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Na suri ludayi ina kiɗa a bayan bokiti, ƙanwata tana rawa tana kuka, wata maƙwabciya ta ruga layi tana shelar gobe akwai koko. Mma kaɗai ba ta motsa ba. Ta yi bismillah ta kurɓa, ta daɗe riƙe da kwanon.

Ta ce, "Ubanku, Allah ya jiƙansa, ran da zai rasu bai iya haɗiye komai ba sai kokona. Ni na ba shi a baki." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe da halal na sallame shi."