Dattijon da Ke Sauraron Inji da Haƙora

Ina zaune a bencin wani gareji ina jiran a yi mini facin taya, idona yana kan wani dattijo mai gyaran wutar mota. Siriri ne, gemunsa fari fat, rigarsa duk hujin ruwan batir. Yana sunkuye a kan injin wata a-kori-kura da aka tayar da turi.

Direbanta yana ta bayani a bayansa: "Baba, batir sabo ne fa! Jar wutar nan ta gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, fitilu kuma sai dishi-dishi."

Baba bai juyo ba. Na ɗauka jan aji ne irin na tsofaffin masu sana'a. Sai ya ɗora bakin doguwar sukudireba a kan dainamo mai cajin batir, ya kai ƙotar kunnen dama, ya mayar hagu. Fuskarsa ta canza. Ya saci kallon sauran makanikai, ya kare da kafaɗa, ya ciji ƙotar da haƙora, ya rufe ido.

"Dainamo ne, ɗana," in ji shi, da ƙarfi fiye da kima. "Boris ɗin cikinsa ya tafi, ba ya caji. Sai an sa wani dainamon."

Ashe kunnen ya daina ji, ta haƙora yake jin ƙarar inji. Shekara nawa kunnen nan yana ciyar da gida? Anya ko matarsa ta sani?

Yana cikin ɗaure sabon dainamon, wata tifa ta taho da baya tana ta hon. Kowa ya watse, ban da Baba. Sai da direban a-kori-kurar ya fizgo shi ta riga.

Ya kakkaɓe hannu, ya yi dariya. "Ai na ji ta," in ji shi.