Ƙaiƙayin da Ya Raba Ni da Arras

Da ciwon haƙori abin ya fara. Wata bakwai da aurena, ina ɗinki a wani shago a Treichville, haƙorina ya kumbura, likita ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana goma. Haƙori ya lafa. Ban daɗe da gama maganin ba sai ƙaiƙayi ya kama ni a gabana, irin wanda ina kan keken ɗinki sai in matse cinyoyi in ciji leɓe. Wani farin abu ya riƙa fita guda-guda kamar kindirmo, ba wari. In fitsari ya taɓa wurin, kamar an barbaɗa barkono.

Maƙwabciyarmu mai suyar ayaba kaɗai na gaya wa. Ta ce in riƙa wanke ciki da ruwan lemun tsami da sabulu mai ƙarfi, safe da yamma. Na yi kwana biyar ina yi, har fatar ta tsattsage.

Mijina mai walda ne a unguwar Arras, mutum mai ƙarancin magana, kuma bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Mako biyu ina guje masa saboda zafi, kunya ta hana ni faɗin dalili. Ashe shi ma ɗan ja da ƙaiƙayi sun fito masa, kuma wani abokin aikinsa ya ce masa wannan ciwon sanyi ne, mace ce ke kwaso shi a waje.

Ranar wata Asabar da la'asar ina tsince shinkafa ya shigo, ya murɗa makulli ya sa a aljihu. Wayar walda ce naɗe a hannunsa.

“Wa ya ba ki?”

“Ya ba ni me?”

Amsar da na samu wayar ce a gadon baya. Na kifa kan tiren, shinkafa ta watse. Ya damƙi gashina ya ɗago ni, ya sake tambaya, na ce wallahi ban san kowa ba sai shi. Ya buga fuskata da gefen gado. Na ji gishirin jini a bakina. Ya ci gaba da zuba mini wayar a cinya da hannu yana lissafo sunayen mazan da ke kawo ɗinki shagonmu, har da wani tsoho mai sanda. Matan gidan suna ta dukan ƙofa. Sai da mai gidan hayar ya sa guduma ya ɓalle makullin sannan ya sake ni.

Da takalmi ƙafa ɗaya na fita. Na shiga woro-woro, motocin nan na haya da ake cika su da fasinja, muka haye gada. Wata mata a motar ta miƙo mini hankicinta. A Indénié na sauka, na ƙarasa gidan Inna a Adjamé Liberté.

Inna ta ɗaga rigata ta duba bayana, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ɗauko mayafinki.”

A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗinke mini leɓe. Daga nan ungozoma, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba ni, ta ɗebi ɗan farin abin aka gwada. Da Faransanci ta yi magana, ni ina juya wa Inna.

Ta ce mikoz ne. Wata irin funfuna ce da ke zaune a jikin mace da ma can, ba ta damun kowa, sai in wani abu ya kashe ƙwayoyin kirki da ke danne ta. Maganin haƙorina ya yi hakan. Juna biyu ma kan jawo ta, ko ciwon sukari, ko zama da ɗan kamfai na roba cikin gumi. Ta ce budurwar da ba ta san namiji ba ma tana yi, kuma miji kan ɗan ji ƙaiƙayi daga matarsa.

Inna ta ce, “Tambaye ta, ba bin maza ke kawo shi ba?”

Ungozomar ta cire tabarau. “Ki ce wa mahaifiyarki a'a. Zan rubuta da hannuna.”

Ta rubuta mini maganin matsi da man shafawa. Ta ce in daina wanke ciki kwata-kwata, ruwa mai tsabta daga waje ya isa, in tsane jiki sosai, in koma kamfan auduga, in na yi tsarki in fara daga gaba zuwa baya. In na ga ruwan ya koma kore ko yana wari, ko zazzaɓi ya biyo, to wani ciwon ne daban, kada in sayi magani da ka. Ta kuma ba ni takardar shaidar raunukan, ta ce in adana.

Yayana direban babbar mota ne. Washegari da ya dawo daga tafiya ya ga fuskata, bai zauna ba. Na bi shi ina roƙo har Arras, domin na san halinsa. Ya tarar da mijina a duƙe kan wata ƙofar ƙarfe, ya sa ƙafa ya hankaɗa shi cikin rodi. Suka kama kokawa a ƙasa cikin gutsattsarin ƙarfe. Yaya ya hau ruwan cikinsa yana naushi har hancinsa ya fashe, shi kuma ya lalubo guntun bututu ya maka wa Yaya a goshi. Jinin su biyu ya haɗu a rigar Yaya. Makanikan layin su huɗu ne suka raba su. Ina tsaye ina kallo, ban ji wani sanyi a raina ba.

Bayan kwana huɗu limamin unguwarmu ya tara mu a zaurensa. Ya ce in karanta takardar ungozoma, na karanta da Faransanci, na maimaita da Hausa. Mijina, hancinsa da filasta, ya sunkuyar da kai.

“Ban sani ba,” ya ce. “Ki yafe mini.”

Malam ya dube shi. “Da ka sani, da ba ka sani ba, da wayar walda ake tambaya?” Ya juyo gare ni. “'Yata, me kike so?”

A lokacin ƙaiƙayin ya riga ya tafi, kwana uku kawai maganin ya ɗauka. Bayana kuwa har yanzu ba na iya jingina shi da bango. Na ce na yafe, amma ba zan koma ba.

Mako uku ya yi yana aiko mutane kafin ya rubuta takardar saki. Na samu wurin ɗinki a Adjamé, kusa da masu sayar da atamfa, a shagon wata mata da ke da kekuna huɗu. Ranar da na fara aiki ta ba ni wanda ke bakin ƙofa, inda iska ke shigowa.