Shanyar gyaɗa a filin jirgi

Nasara sun ci mini masussuka, kuma har yau ba wanda ya ba ni haƙuri.

Shekarar fara ce, ina da goyon fari, a ƙauyenmu yamma da Takieta. Kumandan, baturen mulki, ya aiko daga Damagaram cewa jirgin feshi zai zo, a nema masa wurin sauka. Mai gari bai ga ko'ina ba sai masussukarmu. Maza suka sare ƙaya, suka share, suka ja filin har ya ratsa hanyar rijiya. Gardi, dogarin Kumandan, ya yi gargaɗi a ƙofar masallaci cewa kada kowa ya shiga filin, mazan suka ji, suka taho gida suka ci tuwo ba su faɗa wa mata ba.

To, mace ta ga fili sumul kamar tafin hannu, ga rana, me za ta yi? Na kwaso gyaɗata na baza.

Ina cikin juya ta sai ga abin nan ya taho ƙasa-ƙasa, yana ruri kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya. Na kwanta a kan ɗana. Matuƙin ya hango ni, ya sake tashi, iskarsa ta kwashe mini kallabi, cikinsa na ɗigar da wani ruwa mai wari a kan shanyar. Da ya zagayo ya sauka can ƙarshe, gardi ya iso da gudu yana tambaya ko ba ni da kunne.

Na ce, “Ina da biyu, mai jar hula. Wanne ka faɗa wa?”

Mai gidana ya ce a wanke gyaɗar a ci, ai maganin fara ne, mu ba fara ba ne. Surukata ta goya masa baya, wai albarkar gona ba a zubar da ita. Kafin la'asar zakaranta da ya tsattsagi shanyar ya miƙe ƙafa. Ta ce dama tsoho ne. Yaran gida kuwa sai zagaya kwandon gyaɗar suke yi, na zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai.

Sai da na yi furfura na shiga ajin manya, na gane abin da hoton ƙoƙon kan mutum da ke jikin gangar maganin farar yake nufi. A lokacin zakara ne malamina.

Washegarin mutuwarsa na haƙa rami bayan rumbu na binne gyaɗar, na danne da dutse. Sannan na ɗauki tasa da muciya na tsaya a bakin hanyar rijiya, ina jiran rurin jirgi in buga wa mata su kauce.