Bencin Masu Zazzaɓi

Da damina kowa a Jalingo zazzaɓi yake yi. Na yi shekaru a kan teburin farko na asibitinmu, inda nas ke zama ta auna zafin jiki da bugun jini, ta tambayi mutum abin da ya kawo shi, sannan ta yanke wanda zai ga likita yanzu da wanda zai jira. Idan ruwa ya kankama, kogin Mayo Gwoi ya cika, sauro ya samu gari, dogon bencin da ke gabana cika yake yi har wasu su zauna a ƙasa. A soki yatsa, a ɗiga jini a kan abin gwaji, ya nuna zazzaɓin cizon sauro, a tura mutum ya karɓi magani, a kira na gaba. Hannu yakan yi aikin ko da hankali yana wani wuri.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya san wannan. Iyayena Zazzagawa ne, fatauci ya kawo su nan, kuma a gidanmu na Nukkai idan ƙaya ta soki mutum sai maƙwabta sun ji. Saboda haka masu ihu ba sa tayar mini da hankali, tunda sun samu ƙarfin yin ihun. Masu shiru nake tsoro, kuma akwai ranar da na koyi jin tsoronsu sosai.

Wata safiya ce, an kwana ana ruwa. Wani ma'aikacin ofis da takalmi mai ƙyalli yana ta faɗa a kaina wai tun ɗazu yake jira. A can ƙarshen benci kuwa wata yarinya Bafulatana ce zaune, ta lulluɓe da mayafi, kusa da ita wani dattijo da malafa da sanda. Da layi ya zo kansu shi ya fara tasowa, ita ta biyo shi a hankali tana dafa bango.

"Baffa, me ke damunta?" na tambaye shi.

"Jante ne, Sista," ya ce, wato zazzaɓi da Fillanci. "Jiya shi faɗi a bakin rijiya. Ka ba shi allura mu koma garin Mutum Biyu kafin ruwa."

"'Yarka ce?"

"Matan yarona ne. Yaro yana daji da shanu."

Na juya wajenta na ce, "Ƙanwata, ina ke miki ciwo?"

"Jam," ta ce, idonta a ƙasa. Wato lafiya lau.

Na yi mata gwajin, ya nuna zazzaɓi kamar na kowa. A nan ya kamata magana ta ƙare, na tura ta layin magani. Amma lokacin da na kama yatsanta zan soka na ji hannun da sanyi, da danshi, kamar an tsamo shi daga randa. Ma'aunin zafi bai nuna wani abin kirki ba. Na taɓa jijiyar wuyan hannunta, tana gudu da sauri amma da ƙyar ake jin ta. Bugun jini ya yi ƙasa. Na ja fatar idonta, cikin fari fat.

Na tsaya riƙe da hannun ina lissafi a raina. Gwajin ya ce akwai ƙwayar zazzaɓi a jininta, bai ce ita ta kayar da ita a bakin rijiya ba. Da damina wa zai rasa ta? Zazzaɓi yana shan jini, gaskiya ne, amma wanda ya isa ya kayar da mace mai ɗaukar tulu ai sai jiki ya yi zafi rau. Wannan jinin wani wuri yake tafiya. Sai na lura hannunta ɗaya yana cikin mayafi, tana danne kan kafaɗarta. A makaranta an koya mana cewa jini idan ya taru a cikin ciki, wani lokaci a kafaɗa ake jin ciwonsa.

"Yaushe rabonki da al'ada?" na tambaya a hankali.

Ta ƙara sunkuyar da kai. Dattijon ya ɗaga ido ya kama kallon fanka. Na san ko zan kwana ina tambaya ba zan samu amsa ba. Bafulatana a gaban surukinta ko wuta ta taka ba za ta ce wayyo ba, balle maganar ciki, balle cikin fari da ko uwarta sai dai ta gane da ido. Na ji haushi, ban san ma wa zan ji wa ba, don dattijon nan tun da asuba ya biya mota ya kawo ta, ita kuma abin da aka tarbiyyantar da ita take yi.

"Baffa," na ce, "a taimaka a karɓo mata ruwan zafi wajen mai shayi a bakin ƙofa, kafin allura."

Ƙarya nake yi. Ko ɗigon ruwa ba zan bari ya shiga bakinta ba. Shi dai ya ɗauki sandarsa ya fita da sauri, bawan Allah.

Na ja ta bayan labule na kwantar da ita. Da na danna ƙasan cikinta sai ta damƙe ƙarfen gadon, ta cusa mayafi a baki ta cije, gumi ya keto mata, amma ko nishi ban ji ba. Na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa bakinta na ce, "Ya fita. Daga ni sai ke." Sannan ta yi magana. Wata na biyu ke nan ba ta ga al'ada ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, har mijin. Tun shekaranjiya take ganin ɗan jini, kuma idan ta miƙe duniya juyawa take yi.

Daga nan ban ƙara tafiya a hankali ba. Na ɗaura mata ƙarin ruwa, na ɗebi jini a duba rukuninsa, gwajin fitsari ya tabbatar da ciki. Na shiga ɗakin likita ba sallama. Mai takalmi mai ƙyalli ya tare ni yana cewa ai shi ne a gaba, na ce masa, "Yallaɓai, mai bakin da zai yi wannan faɗan ba yau zai mutu ba, in sha Allah. Matsa." Likitan bai yi gardama ba. Ya ɗora mata na'urar hoto ya ce cikin ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jini ya cika mata ciki, a shirya tiyata yanzu.

Na tarar da dattijon tsaye a bakin labule da kofin ruwan zafi a hannu. Na yi masa bayani gwargwadon yadda zai gane. Da na ambaci ciki sai ya kawar da kai gefe.

"Ni ban sani ba, Sista," ya ce. "Shi bai faɗa ba. Ku yi aikinku."

Ya naɗe hannun riga wai a ɗebi nasa jinin. Ya tsufa da yawa, sai aka nemo a ma'ajiya. Har aka tura ta ɗakin tiyata kofin yana hannunsa, bai san inda zai ajiye ba.

Ta rayu. Cikin ya tafi, amma ita ta rayu, kuma ba zan ɓoye ba, na yi ta jin daɗin kaina. Bayan 'yan kwanaki na leƙa ta a ɗakin mata bayan na tashi aiki. Tana zaune ita kaɗai tana shan kunu, leɓenta ya fara yin ja. Ta kama hannuna da hannu biyu.

"Useko, Sista," ta ce, wato na gode. Sannan ta ci gaba da 'yar Hausarta. "Yayana ma ya zo nan. Damina biyu da ya wuce. Benci ɗin nan ya zauna. Babanmu ne ya kawo shi."

"Me ya same ta?"

"Jante, aka ce. Aka ba shi magani. A mota ya rasu, ba su kai gida ba. Amarya ne shi ma." Ta dube ni ido cikin ido, karon farko tun da na san ta. "Da ke ya samu, Sista, da yana nan."

Na ce Allah ya jiƙanta, na gyara mata filo, na fito.

Ban san abin da ya kashe yayarta ba. Wataƙila zazzaɓin ne da gaske, yana kisa. Na yi ta gaya wa kaina haka a cikin keke har Nukkai, ina gaya wa kaina har yau. Na lalubi ƙwaƙwalwata neman wata amarya mai mayafi da ta zauna kusa da mahaifinta ta ce mini jam, sai na samu da yawa, kuma ba fuska ko ɗaya. Yanzu idan ɗalibai suka zo koyon aiki nakan sa su riƙe hannun mutum kafin su kalli abin gwaji, su kuma nemi dalilin da za su aiki surukai waje. Suna dariya idan na kai maganar mai shayi.

Abin da ban gaya musu ba, ban kuma gaya mata ba, shi ne a daminar da take magana ba mu da isassun ma'aikata. Kusan kowace safiya ni ce a kan teburin nan.